Ciyaman a Cikin Gilashi

Tun kafin wani ya tona mini asiri gara in tona da kaina: wawan wannan labari ni ne. Kifin bai yi wauta ba, mai kifin ma bai yi ba. Ni ne dai, Iro mutumin Miga, wanda ya yi aji huɗu a firamare ya ga karatun ya ishe shi haka, ya bar wa na baya ragowar. Saboda haka in kun ga harafi ya karkace ku gyara a zuci, kada ku dame ni.

Abin da ya sa na ɗauki biro, yaran nan ne da suka cika Dutse yanzu da sana'ar haɗa tankin kifi na gilashi a otal-otal da falon masu hali. Rannan wasu daga cikinsu suka same ni a gindin darbejiya, ɗaya ya ce, "Baba, wai kai ne mai kifin teku? Ai abin ba wuya, ruwa ne da gishiri, sauran duk yana cikin waya." Na dube shi, na dubi wayar, na ce Allah Ya ƙara wa wayar lafiya. Ruwa da gishiri! Ni ma haka na ce da farko, kuma a kan ruwa da gishirin nan na kusa kashe halittar da idona bai taɓa ganin irinta ba.

Mu gidanmu masunta ne. Tun ina yawo ba wando na san talibambam, kifin nan na kogi mai ratsin rawaya da jan ido, wanda in ya ji hannu sai ya haɗiyi iska ya kumbura kamar ƙwallo. A gidanmu ba a cin sa, manya sun ce dafi gare shi. In ya faɗo a koma sai a jefo mana, mu sosa masa ciki ya kumbura, mu yi ta tamaula da shi a kan rairayi. Allah Ya yafe mana. Da kamu ya ragu a kogi sai na dawo Dutse ina yi wa mutane kiwon tarwaɗa a kududdufin siminti. Tarwaɗa kuwa ba ta da tsirfa. Ko a kwata ka jefa ta sai ta yi maka godiya ta yi ƙiba.

A bakin wannan aiki Dakta ya same ni. Likita ne da ya daɗe yana aiki a Jidda, a bakin Bahar Maliya. Ya yi ritaya ya dawo gida, amma teku ta ƙi fita daga ransa.

Ya ce, "Malam Iro, ka san talibambam?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai da shi na koyi ƙwallo."

Ya yi dariya ya ce, "To na teku zan kawo. Shi kuwa ranar da ka yi ƙwallo da shi, ni ma da kai zan yi."

Ranar da aka sauke tankin, ƙarti ne suka yi ta nishi kamar masu ɗaukar gawar raƙumi. Tsawonsa ya fi gadon amarya, kaurin gilashin ya kai yatsa biyu, sai da aka ƙara wa daɓen falo siminti don kada ya lotsa. Wanda ya zo haɗawa wani Oga Monday ne daga Legas, ya taɓa zama a Sabon Garin Kano, yana jin Hausa irin ta kasuwa. Shi ne malamina a wannan sana'a. Ya nuna mini famfon da ke juya ruwa dare da rana, da matatar da ke ɓoye a cikin kabad ɗin ƙasa, da wani kofi mai tara kumfa wanda in ka buɗe shi warin sai ya sa ka tuna zunubanka, da injin sanyaya ruwa, da ɗan ma'auni na roba mai allura. A cika shi da ruwan tanki, allura ta tsaya tsakanin jajayen layi biyu, to gishiri ya yi daidai.

Da na ji maganar gishiri sai na ce ya bari in sheƙa kasuwa in sayo buhu, in ma manda yake so na san mai ita. Mutumin nan ya dafe kai da hannu biyu.

Ya ce, "Baba Iro, kai zai dafa kifin ne? Wannan gishiri ba na miya ba ne. Teku ce aka busar aka zuba a bokiti."

Ya kai ni bayan bangon falo inda aka girke duro biyu. Shuɗi na ruwan daɗi ne tatacce, wanda ake kawowa daga kamfanin ruwan leda, domin ruwan burtsatsenmu yana da ƙarfi, kifin teku ba ya son sa. Baƙi kuma na ruwan gishiri ne da aka dama aka ajiye, da shi ake canza wani kaso na ruwan tanki lokaci-lokaci. Daga shuɗin duron akwai wani siririn tiyo da ɗan ƙaramin famfo, yana ɗiga ruwa cikin kabad ɗin ƙasa da kansa, ba mai taɓa shi. Aikina kawai in ga duron bai ƙafe ba. Na ga tiyon, na yi mamakin me ruwan daɗi ke nema a gidan kifin teku, amma ban tambaya ba. Ni kaɗai na yanke hukunci a raina cewa lallai akwai wani inji a cikin kabad ɗin da ke barbaɗa masa gishiri kafin ya shiga. An ce matambayi ba ya ɓata, amma a lokacin gani nake zubar da girma ne ɗan masunta ya tambayi mutumin da ko kwalekwale bai taɓa tuƙawa ba. Ku riƙe wannan tiyo a ranku, za mu dawo kansa.

Aka cika tanki, aka jera duwatsu masu huda-huda, aka shimfiɗa farin yashi, aka kunna fitila. Sai kuma Oga Monday ya ce ba za a sa kifi ba sai ruwa ya nuna. Na ce ruwa kuma mangwaro ne? Ya ce akwai wasu halittu da ido ba ya gani, su ke cinye ƙazantar kifi, sai sun hayayyafa a jikin duwatsu tukuna. Haka muka yi makonni muna gadin ruwa zalla. Maƙwabta na shigowa su tsaya su ƙura ido, wani ma ya rantse ya ga kifin, wai fari ne shi ya sa ba a ganinsa sosai.

Ranar da kifin ya iso, cikin akwatin soso aka kawo shi, a ƙulle a leda ninki-ninki. Oga Monday bai juye shi nan take ba, sai da ya yi ta ɗiga masa ruwan tanki kaɗan-kaɗan, kamar ana gabatar da baƙo ga mutanen gida. Sannan ya sa shi a roba, ya nutsa ta cikin ruwa ya sake shi. Kifin ya ɗan tsaya. Sai ya taso a hankali, ba ya kaɗa wutsiya irin ta sauran kifaye, wasu 'yan fukafukai ne kawai ke rawa a gefensa, ga shi kuwa gundumemen abu kamar tulu. Ya zo daidai fuskata ya tsaya cak a tsakiyar ruwa. Ido ɗaya ya dube ni, ɗayan yana can yana duban Dakta. Wallahi kowane ido da harkarsa. Na kama kifi iri-iri tun ina yaro, amma ban taɓa ganin kifin da ya dube ni ba sai ran nan. Sauran duk kallon banza suke yi, wannan kuwa tambaya ce a idonsa. Ban san lokacin da na ce Subhanallahi ba.

Ni na raɗa masa suna Ciyaman, saboda dalilai uku: shi kaɗai yake ci, ba ya son a zauna kusa da shi, kuma in ransa ya ɓaci kumbura yake yi.

To ku masu waya, ga karatun farko, ku san wanda kuke kiwo. Talibambam na teku ba ɗaya ba ne. Ciyaman bayansa toka-toka ne da ɗan kore, an yayyafa masa fararen ɗigo kamar taurari, cikinsa kuma ratsi-ratsi ne, sannan akwai zobe da ya kewaye gindin fiffikensa na gefe kamar an zana da alli. A gaban idanunsa akwai wasu 'yan tsiro biyu masu laushi, hancinsa ke nan. Irinsa yakan kai kamu guda ko ya ɗara. Akwai mai fuskar kare, wanda bakinsa ke da duhu kamar ya sha tawada, da baƙaƙen tabo nan da can. Shi bai kai Ciyaman girma ba. Akwai mai ƙaya, mai dara-daran idanu, ƙayoyinsa a kwance suke sai ya kumbura su miƙe kamar bushiya. In kuna shakka ku dubi baki: na ainihi haƙori huɗu gare shi, biyu sama biyu ƙasa, a manne kamar bakin aku. Mai ƙaya kuwa ɗaya sama ɗaya ƙasa. Ku duba da ido, ban ce ku sa yatsa ba. Wanda ya sa yatsa zai dawo da ragowa.

Wata Hajiya mai shagon atamfa, da ta ga na Dakta, sai ta sa aka kawo mata wani ɗan ƙarami kamar lemo, launinsa ma kamar na lemo, da baƙin zane-zane. Aka kira ni in duba. Na gane shi daga hotunan da Oga Monday ya nuna mini. Na ce, "Hajiya, wannan jariri ne. Zanen nan zai farfashe ya koma ɗigo-ɗigo, shi kuma zai girma ya kai ɗan akuya."

Ta ce, "Kai Malam Iro, baƙin ciki kake yi don nawa ya fi naku kyau."

Na ce, "To waɗannan 'yan ƙananan masu launi da kika zuba masa fa?"

Ta ce, "Abokan hira ne."

Hirar ba ta yi tsawo ba. Kullum gari ya waye sai a ga aboki ɗaya ya ragu, shi kuwa yana ƙara sheƙi. Daga baya da ya gagari tankinta, juyawa ma ba ya iya yi, wani otal aka kai shi.

Karatu na biyu haƙori ne. Haƙorin talibambam ba ya daina tsiro, kamar farce. A teku yana fasa ƙaguwa da katantanwa, su ke goge masa shi. In ka yi ta ba shi abu mai laushi, wata rana za ka tarar haƙori ya rufe baki, ga abinci ga yunwa. Dakta na sa a kawo jatan lande daskararre daga Kano, da ɓawonsa ake ba shi. Ni kuma in na je gida Miga sai in sa a tsinto mini kumba da dodon-koɗi da ƙananan ƙaguwa a bakin ruwa, in wanke, in sa a firiza su daɗe kafin in ba shi, saboda tsutsa. Ku zo ku ji Ciyaman na fasa kumba. Ƙaras! Daga ƙofar falo kana jiyowa, kamar ana fasa goro da guduma. Sai ya tauna, ya fesar da ɓawo, ya ɓata ruwa kaca-kaca, ya bar mini shara. Da ya saba da ni, in na shigo da kwanon abinci sai ya taso sama ya feso mini ruwa a fuska. In Dakta ne ya shigo da baƙi ko kallonsu ba ya yi. Abin yana ɗan sosa ran Dakta, yakan ce, "Ni na saye shi, kai yake gaisarwa."

Sau ɗaya muka taɓa yi masa yankan haƙori, lokacin da kumba ta yi wuya aka yi ta ba shi tsokar kifi. Dakta ya ɗebo ruwan tanki a baho, ya ɗiga man kanumfari kaɗan, kanumfarin nan dai da ake sawa a kunu. Muka kamo Ciyaman a roba muka sa shi ciki. Kafin ka ce kwabo ya yi laƙwas ya kishingiɗa. Na riƙe shi a cikin ruwan da jiƙaƙƙen tawul, jikinsa ba ɓawo, taushi kamar cikin jariri, da ɗan kaushi. Dakta ya sa abin yankan farce ya rage haƙorin kaɗan-kaɗan. Muka mai da shi ruwa mai kyau. Ina ta salati. Can sai fiffike ya motsa, ido ɗaya ya juyo ya same ni. Ya yi kwanaki yana fushi da mu, in na zo sai ya juya mini wutsiya.

Kun lura na ce a roba muka kamo shi, ban ce a raga ba. Wannan shi ne karatu na uku. Talibambam ba a fito da shi iska. A cikin ruwa in ya tsorata ruwa yake haɗiya, in hankalinsa ya kwanta ya amayar. In a waje ne iska zai haɗiya, ita kuwa takan maƙale, ka mai da shi ruwa ya yi ta yawo a sama ciki a birkice har ya mutu. Ran da Oga Monday ya gaya mini haka na tuna waɗanda muka yi tamaula da su a rairayi, tuwon ranar bai yi mini daɗi ba. Shi ya sa ba na ga-maciji da baƙon da zai zo yana ƙwanƙwasa gilashi yana cewa, "Malam, ɗan tsokano shi mana ya kumbura mu ɗauka a waya." Nakan ce, "Alhaji, kai ma in ana so a ga kumburinka ai an san abin da za a faɗa maka, amma ba a faɗa."

Ni kaina sau ɗaya na ga ya kumbura, ran da tire ya suɓuce wa mai aiki ya faɗi a kan tayil. Ciyaman ya buɗe baki ya yi ta zuƙar ruwa, gwat, gwat, gwat, ina kallo ya zama ƙwarya, ya zama tulu, ya zama randa. Ɗigon jikinsa suka baje, 'yan ƙananan ƙayoyi da ban san yana da su ba suka fito, idanu da baki suka koma 'yan mitsi-mitsi a jikin wannan ƙatuwar ƙwallo. Ba ƙashin haƙarƙari ne da shi ba balle ya karye. Na tsaya baki buɗe ina cewa, wanda Ya tsara wannan Ya isa a ji tsoronSa.

Yanzu ga muguwar shekara. Azumi ya faɗo a tsakiyar bazara, irin zafin Dutse da duwatsu ke mayar wa gari da abin da suka sha tun safe. Dakta ya tafi Umara da iyalinsa, ya bar mini gida da Ciyaman. Bai daɗe da tafiya ba taransifomar unguwa ta yi bindiga, wuta ta shigo da ƙarfi ta ƙone injin sanyaya ruwa, ta ƙone na'urar sanyaya falo, ta haɗa da ɗan ƙaramin famfon nan na shuɗin duro. Allah Ya taimaka babban famfo yana kan sola, shi bai mutu ba. Na kira Oga Monday, ya ce kayan gyara sai an kawo daga Legas, kuma za a ɗau lokaci.

Ya ce, "Baba Iro, buɗe murfin tanki, sa fanka ya hura saman ruwa. Sa ƙanƙara a leda, ɗaure da kyau. Ruwa zai ragu, kai ka cika."

Na yi yadda ya ce. Na kafa fanka biyu, na rataya jiƙaƙƙun buhuna a tagogi irin yadda muke yi wa randa, na shiga layin masu sayen ƙanƙara da la'asar ina kokawa da masu kunun aya. Dabara ta yi aiki, ruwa ya yi sanyi. Amma fanka shan ruwa take kamar raƙumi, kullum sai in tarar tanki ya sauka. Sai na tsaya gaban duro biyun nan da bokiti a hannu, na yi tunani irin na masu ilimi. Na ce injin da ke barbaɗa gishiri ya ƙone. Kifin teku kuwa ruwan daɗi ajalinsa ne. Ga kuma hujja a fili: bakin tanki duk ya yi farin ɓawo, na lakata na ga gishiri ne, wato gishiri na gudu yana barin ruwa. Saboda haka na ɗebo daga baƙin duro na cika. Gobe ma haka. Duro ya ƙare na dama wani, har ina ɗan ƙara hannu don kada a ce na yi rowa.

Na ɗauko ma'auni, allura ta haye jan layi na sama. Na zubar na sake cikawa, ta ƙara hayewa. Na ce zafi ya taɓa ƙwaƙwalwar wannan roba, na jefa ta a kabad. Ku ji fa, ma'auni na faɗa mini gaskiya, ni ina ƙaryata shi.

Ciyaman ya fara da ƙin fesa mini ruwa. Sai ya ƙi kumba. Sai ya ƙi jatan lande, abin da a da yake kusan fitowa daga tanki saboda shi. Launinsa ya dushe ya yi duhu, taurarin bayansa suka dusashe. Ya sauka ƙasa ya kwanta a gindin dutse, ya naɗe wutsiya, yana numfashi da sauri-sauri. Idanun nan da kowanne ke harkarsa suka tsaya, suka faɗa ciki, wani hazo-hazo ya rufe su. In na durƙusa a gaban gilashi ba ya dubana. Na ce zafi ne, na ƙara fanka ta uku. Ruwa ya ƙara sauka, na ƙara cikawa da na gishiri. Wato ina haƙa masa kabari ina yi masa fifita. Na ɗauki waya zan sake kiran Oga Monday na ajiye, don kada ya ce ɗan masunta ya kasa riƙon kifi guda. Dakta kuwa mutum na gaban Ka'aba, da wane baki zan ce masa amanarsa na mutuwa?

Wata ranar da yamma na koma gida jiki ba ƙwari. Aka kira salla, muka sha ruwa. Uwargidana Tabawa tana bakin murhu, suyar ƙosai ta ɗauke mata hankali ta bar miyar kuka a wuta ta yi ta tafasa. Ta ɗanɗana ta yamutsa fuska, ta ɗebo ruwa a moɗa ta tsiyaya a tukunya. Ni kuwa da ma neman wanda zan huce a kansa nake.

Na ce, "Kin dai cika gishiri, ki faɗi gaskiya."

Ko juyowa ba ta yi ba ta ce, "Gishirin da na sa tun farko shi ne dai, Malam. Ruwan ne ya bi iska ya bar shi. Ka taɓa ganin gishiri ya tashi sama?"

Ƙosai na hannuna ya tsaya a hanya. Na ga fanka, na ga baƙin duro, na ga allurar da na yi wa ƙazafi, na ga siririn tiyon nan da ya shekara da shekaru yana ɗiga ruwan daɗi a gabana. Ashe babu wani injin barbaɗa gishiri sai a cikin kaina. Na miƙe ko takalmi ban sa daidai ba. Tana cewa, "Malam, tuwon fa?" ni ina waje ina tsayar da mai adaidaita.

Na ciro ma'auni daga kabad na ba shi haƙuri. Zuciyata na cewa in kwashe rabin ruwan in maye da na daɗi a huta, amma na tuna yadda Oga Monday ya yi ta ɗiga ruwa ran da Ciyaman ya iso. Abin da aka ɓata a hankali, a hankali ake gyara shi. Na ajiye girman kai na kira shi na faɗa masa komai. Ya yi wani ihu da yarensu wanda na gode Allah ban ji fassararsa ba, sannan ya ce kaɗan-kaɗan, kada in yi gaggawa. Haka na yi ta yi kwana da kwanaki: in ɗebe kaɗan, in tsiyaya na shuɗin duro, in auna, in jira. Allura ta riƙa saukowa kamar tsoho a kan tsani. Ciyaman na kwance, ban san ko na makara ba.

Ana gobe Salla da hantsi na shigo da kumba guda a hannu, ba don ina sa rai ba, don sabo kawai. Na durƙusa. Ido ɗaya ya motsa, ya juyo, ya same ni. Ya ɗaga daga yashi yana tangaɗi, taurarin bayansa sun fara haske. Na saki kumbar ta nutse a gabansa. Ya daɗe yana dubanta. Sai na ji ƙaras! A rayuwata na ji kiɗa iri-iri, ban taɓa jin mai daɗin wannan ba.

Da Dakta ya dawo ya tarar da Ciyaman na shawagi, ya ɗan rame amma yana fesa ruwa. Na ba shi labarin wuta da zafi da yadda gishiri ya hau. Wanda ya hau da shi dai ban tsaya dogon bayani a kansa ba, tunda ba a tambaye ni ba.

Ya ce, "Ikon Allah! Yaya aka yi ka gano, Malam Iro?"

Na gyara tsayuwa na ce, "Bincike, ranka ya daɗe."

Ya ji daɗi, ya ba ni wata farar jallabiya mai aiki a wuya cikin tsarabarsa. Na saka ta na nufi gida ina taku ɗai-ɗai. Na tarar ƙannen Tabawa sun zo yawon Salla daga Jahun, tsakar gida cike. Aka shimfiɗa mini tabarma, aka yaba riga, aka tambayi dalili. Na yi gyaran murya na shiga yi musu karatu: yadda ruwa ke tashi ya bi iska, yadda gishiri ke zama, yadda wannan wani zurfin ilimin kimiyya ne da ba kowa Allah ke nuna wa ba, sai wanda ya daɗe a sana'a yana lura. Suna ta jinjina kai. Tabawa na bakin murhu tana juya miya, ta buga ludayi a bakin tukunya ta ce:

"Malam, wannan binciken naka duk yarinyar da ta taɓa barin miya a wuta ta gama shi. Shekara arba'in kana lashe kwanona ba ka gane ba, sai da bawan Allah kifi ya sha gishirin a madadinka. Tuɓe rigar nan ka miƙo, mai tukunya aka yi wa tsarabar."